Hubert Ogunde: Kurtun ɗan sandan da ya mayar da wasan kwaikwayo sana'a, ya ƙare a fim

A duk lokacin da aka tashi ba da tarihin wasan kwaikwayo a Najeriya, sunan Cif Hubert Ogunde ne ake fara ambata. Shi ne mutum na farko a ƙasar nan da ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo irin ta zamani wadda ke biyan 'yan wasanta albashi, ba ta kuma jingina da coci ko makaranta ko gwamnati ba, sai da abin da 'yan kallo suka biya a bakin ƙofa. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana yawo da ayarinsa gari-gari. Hukumar Turawa ta tsare shi a Jos, ta sake tsare shi a Kano, daga baya kuma gwamnatin 'yan ƙasa ta Jihar Yamma ta haramta masa wasa har kusan shekara biyu. Sai da ya haura shekara sittin a duniya sannan ya juya ga fim. Fim ɗin ya kawo masa kuɗi da ƙarin suna, amma kuma yana cikin abubuwan da suka binne sana'ar yawon wasan daɓe da shi kansa ya gina.

An haifi Hubert Adedeji Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa malamin coci ne na ɗarikar Baftis, kakansa na wajen uwa kuwa malamin duba ne na addinin gargajiyar Yarabawa da ake kira Ifa. A tsakanin waɗannan gidaje biyu yaron ya tashi. A ɗaya ya koyi waƙoƙin coci da labaran Littafi Mai Tsarki, a ɗayan ya ji kirari da surkulle da kiɗan dodanni. Tun yana ƙarami ya riƙa bin masu wasan gargajiya da Yarabawa ke kira alarinjo, waɗanda ke rufe fuska suna zagaya garuruwa da kiɗa da rawa da kwaikwayo. Wanda ya duba ayyukansa daga farkonsu har ƙarshe zai ga bai taɓa rabuwa da gidajen nan biyu ba.

Karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Daga 1933 ya kama aikin koyarwa, yana kuma jagorantar mawaƙan coci, har tsawon shekara takwas. A 1941 ya shiga aikin ɗan sanda, daga baya aka tura shi Ebute-Metta a Legas. A can ya shiga wata coci ta ɗarikar Aladura, wadda ke neman kuɗin gini. Aka nemi kurtun ɗan sandan nan mai iya waƙa ya tsara wani abu da za a nuna wa jama'a a tara gudummawa.

Abin da ya tsara shi ne The Garden of Eden and the Throne of God, labarin Adamu da Hauwa'u da fitarsu daga gidan ni'ima. An nuna shi ranar 12 ga Yunin 1944 a zauren Glover da ke Legas, Dokta Nnamdi Azikiwe ne ya shugabanci taron. Kafin wannan lokaci cocin Legas sun saba da irin wannan wasa, amma yawanci mawaƙa ne ke jeruwa suna rera labari, suna ɗan rangaji. Ogunde ya saki 'yan wasansa suka yi motsi, suka yi rawa, ya shigo da gangunan Yarabawa, ya sa kowa ya zama mutumin da yake kwaikwaya. Jama'a suka yaba, jaridu suka rubuta, wasu coci suka shiga gayyatarsa.

Daga labarin Fir'auna zuwa yajin aiki

Wasanninsa na farko duk daga littattafan addini ya ɗebo su: bautar Bani Isra'ila a Masar, mulkin Nebukadnesar, da makamantansu. Sai dai mutumin Legas na 1945 ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wanda ake nufi da Fir'auna. A shekarar ne ya cire mayafin gaba ɗaya da wasan Worse Than Crime, inda ya kwatanta mulkin mallaka da cinikin bayi, abin da ya jawo masa gargaɗin hukumar da yake yi wa aiki. A watan Yunin shekarar ma'aikatan Najeriya suka shiga babban yajin aikin nan na neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, aka yi sama da mako shida jiragen ƙasa na tsaye, tashar jiragen ruwa da gidan waya sun yi tsit. Kafin shekarar ta ƙare Ogunde ya fito da Strike and Hunger, wato Yajin Aiki da Yunwa.

Ba zai yiwu mutum ya yi ta sukar Turawa da dare, gari ya waye ya sa kakinsu ba. Ogunde ya ajiye aikin. Duk ma'aikacin gwamnati ya san nauyin wannan mataki: ya bar albashin ƙarshen wata da begen fansho, ya kama abin da a idon mutanen zamanin bai wuce aikin maroƙa da 'yan iska ba. Ya kafa ƙungiyar African Music Research Party, ya buga talla a jarida yana neman 'yan mata da za su yi wasa a biya su. A watan Maris na 1946 ƙungiyar ta nuna Tiger's Empire, wani harin a kan mulkin mallaka, wanda masana ke ɗauka a matsayin mafarin wasan kwaikwayo na sana'a a Najeriya.

Batun matan nan shi ya fi ba shi wahala. Iyaye ba sa yarda 'yarsu ta hau daɓe tana rawa a gaban maza, balle ta bi mota ta kwana a wani gari. Wadda aka samu aka horar, da zarar ta yi aure mijinta zai hana ta. Dabarar da Ogunde ya yi ita ce auren 'yan wasansa, har matansa suka haura goma. Su ne taurarin wasan, su ne mawaƙa, su ne masu ɗinka kayan wasa da sayar da tikiti, 'ya'yansa kuma suka tashi a cikin sana'ar. Ana iya yi wa wannan tsari kallo biyu. Ya tsare masa ƙungiya ta yi shekara arba'in ba ta watse ba, a fagen da ƙungiyoyi ke tarwatsewa a kan rabon kuɗin dare ɗaya. Amma kuma ya sa miji da maigida da mai biyan albashi suka zama mutum guda, kuma tarihi ya riƙe sunansa ya manta da yawancin nasu. Wadda aka fi tunawa ita ce Adesewa, tauraruwar ƙungiyar, wadda ta rasu a hatsarin mota a 1970.

Yadda sana'ar ke gudana zai yi wa kowane ɗan kasuwa kama da fatauci. Akan tura mutum gaba ya kama zauren gari ko na makaranta ko harabar otal, ya liƙa fasta, ya nemi izinin hukuma. Sai babbar mota ta iso da 'yan wasa da ganguna da fitilu da labule. Da yamma a zagaya gari ana kiɗa ana shela, da dare a yi wasa, a ƙirga ciniki, da safe a ɗaure kaya a nufi gari na gaba. Idan aka yi ruwa, ko wani babba ya rasu a garin, ko hukuma ta hana, asarar ta mai ƙungiya ce shi kaɗai.

A irin wannan yawo ne ya iso Arewa. Masu kallonsa a nan galibi mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari: akawuna, ma'aikatan reluwe da na ma'adinai, da 'yan kasuwa. A Jos a 1946 hukuma ta hana Strike and Hunger, aka gurfanar da shi aka ci shi tara. Garin haƙar kuza ne mai dubban leburori, ba wurin da Bature zai so a riƙa tuna wa mutane da yajin aiki ba. Na biyu ya fi tsanani. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya mayar da lamarin wasa mai suna Bread and Bullet, wato Burodi da Harsashi. Da ya kawo shi Kano a 1951 aka haramta wasan, aka kama shi bisa zargin tunzura jama'a. Ya kamata a tuna cewa a watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin, kuma Turawa da En'e ba su da sauran haƙuri da duk wani taro da zai haɗa talakawa a kan maganar zalunci, ko da da Yarabanci ake yin ta.

A 1947 ya je Ingila shi da Adesewa, bayan an yi ta ja-in-ja kafin a ba shi fasfo, ya koyo raye-rayen Turawa. Ya kuma kai wasa ƙasar Gana tun tana hannun Turawa, inda tafiyar farko ta zame masa asara domin mutanen can ba sa jin Yarabanci. Bai yi fushi da 'yan kallo ba. Ya koma gida ya sake shiri, ya cakuɗa Turanci da buroka da kiɗan zamani, ya dawo ya ci kasuwa. A shekarun 1950 wasanninsa suka karkata ga rayuwar birni, son kuɗi, yaudara da rikicin aure, aka rage rera labari da waƙa aka ƙara magana. A 1960 shi aka ba aikin tsara wasan bikin samun 'yanci, ya yi Song of Unity.

Daren Ibadan

Wasan da ya fi kowanne ɗaukaka sunansa ba Turawa ya taɓa ba. A 1962 jam'iyyar Action Group ta dare gida biyu tsakanin shugabanta Cif Obafemi Awolowo da Firimiyan Jihar Yamma Cif Samuel Ladoke Akintola. Aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin, a watan Satumban 1963 kuma aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Akintola ya koma kujerarsa, yana dasawa da jam'iyyar NPC ta su Sardauna. Magoya bayansa suka kafa wata ƙungiyar al'adu mai suna Egbe Omo Olofin, suka gayyaci Ogunde ya nishaɗantar da manyan baƙi a bikinta a Ibadan, a ƙarshen watan Fabrairun 1964.

Wasan da ya kawo musu shi ne Yoruba Ronu, ma'ana Yarabawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne mai suna Fiwajoye, wanda mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba aka ɗaure shi, mataimakin ya haye gadon sarauta yana gallaza wa jama'a, har ranar da suka tashi suka gama da shi, sarkin gaskiya ya dawo. Firimiya na zaune a sahun gaba. Bai jira ƙarshen labarin ba, ya tashi ya fita shi da muƙarrabansa. Ba a daɗe ba gwamnati ta haramta wa ƙungiyar Ogunde yin wasa a ko'ina cikin Jihar Yamma, aka kuma daina sa waƙoƙinsa a rediyo da talabijin na yankin.

Ga mutumin da ke ci daga kuɗin ƙofa, kuma harshen wasansa Yarabanci ne, wannan daidai yake da a rufe wa ɗan kasuwa shagonsa na cikin babbar kasuwa. Abin da ya cece shi shi ne Legas a lokacin ƙasar tarayya ce, dokar Ibadan ba ta aiki a cikinta, sannan faifan waƙar wasan ya shiga gidajen mutane inda babu ɗan sandan da zai bi shi. Martanin da ya mayar wani wasan ne, Otito Koro, wanda ma'anarsa ta zo daidai da karin maganar Hausawa, gaskiya ɗaci gare ta.

Haramcin ya zauna har sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda aka kashe Akintola a cikinsa tare da Sardaunan Sakkwato da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan 'yan makonni gwamnan soja na Yamma, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, ya ɗage dokar. Mutane da yawa a ƙasar Yarabawa suka ɗauki Ogunde a matsayin mai gani har hanji, tun da ƙarshen mataimakin sarki a wasa ya zo ya yi kama da ƙarshen Firimiya. Adalci dai shi ne a ce Yoruba Ronu wasan ɓangare ne. Ogunde na tare da Awolowo, bai kuma ɓoye ba, kuma jinin da aka zubar a daren nan bai dawo da zaman lafiyar da wasan ya yi alkawari ba, yaƙin basasa ya jawo. Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne ƙarfin halin faɗa wa mai mulki magana a gaban idonsa, a taron da mai mulkin ne ya biya kuɗinsa.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. A 1967 ya wakilci Najeriya a baje kolin duniya na Montreal a Kanada, ya zarce ya yi wasa a zauren Apollo da ke unguwar Harlem a birnin Niyok na Amurka. A lokacin yaƙin basasa ya yi Keep Nigeria One, bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 kuma ya yi wasa a kansa. Wasannin da ya tsara a rayuwarsa sun haura hamsin. Hanyar da ya share ta samu mabiya irin su Kola Ogunmola, Duro Ladipo, Oyin Adejobi da Moses Olaiya da aka fi sani da Baba Sala, har zuwa wajen 1980 ƙungiyoyin yawon wasa na Yarabawa suka haura ɗari.

Aiye

A daidai lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinta. Kuɗin man fetur ya kawo talabijin gidaje da yawa. Gidajen silima, waɗanda dokar 1972 ta mayar da harkarsu hannun 'yan ƙasa, suna cike da masu kallon fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka. Fashi da makami bayan yaƙi ya sa tafiyar dare da fitar dare suka zama abin tsoro. Ciyar da mutum arba'in ko hamsin a kan hanya, da man mota da kuɗin zaure, kullum ƙaruwa suke yi. Sai ga shi a 1976 wani matashi da ya karanto aikin fim a Faransa, Dokta Ola Balogun, ya fito da Ajani Ogun, fim da Yarabanci wanda Duro Ladipo da Adeyemi Afolayan suka fito a ciki. Jama'a suka yi tururuwa. A shekarar ce kuma Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar da Hausa, daga littafin Tafawa Ɓalewa wanda shi ma sai da ya bi ta daɓe kafin ya isa majigi.

Ogunde mutum ne mai lissafi. Ya ga cewa gwangwanin fim ba ya cin abinci, ba ya rashin lafiya, ba ya yin yaji, kuma ana iya haska shi a gari biyu a dare ɗaya. Dama ya riga ya fara sarƙa gajerun hotunan majigi a tsakiyar wasanninsa, domin nuna abin da daɓe ba zai iya ba, kamar mutum ya ɓace ko ya rikiɗa. Sai ya ɗauko wani tsohon wasansa mai suna Aiye, ya zuba kuɗinsa, ya kira Ola Balogun ya ba da umarni. Fim ɗin ya fito a 1979, Ogunde na da shekara 63.

Kalmar aiye na nufin duniya, amma Yarabawa kan yi amfani da ita wajen sakaya sunan mayu da sauran masu ikon ɓoye. Labarin wani gari ne da mayu suka addaba, suna taruwa da dare suna ƙulla cuta da mutuwa, da kuma babban malamin gargajiya Osetura, wanda Ogunde da kansa ya fito a matsayinsa, yana fafatawa da su. Abin da a daɓe sai dai a faɗe shi da baki, yanzu ga shi ana gani ƙuru-ƙuru a jikin allo. Fim ɗin ya yi kasuwar da ta girgiza kowa a harkar. A 1980 ya biyo shi da ci gabansa, Jaiyesimi, a 1982 ya yi Aropin N'Tenia, sannan Ayanmo a 1988. Bayan fim na farko ya rabu da Balogun, ya ɗauko wani Baturen Ingila, Freddie Goode, suka riƙa ba da umarni tare. Ya kuma gina ƙauyen ɗaukar fim a mahaifarsa Ososa.

Yadda ya sayar da fina-finan nan shi ya nuna cewa har yanzu mutumin daɓe ne. Bai miƙa su ga dillalai ba. Motar da ke ɗaukar 'yan wasa ita ta koma ɗaukar majigi da allo da janareta, iyalinsa na tsaye a ƙofa suna karɓar kuɗi, daga Babban Zauren Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a Legas har zuwa zaurukan ƙananan garuruwa. Ya ƙi yarda a juye su a kaset ɗin bidiyo. Yana da hujja a gaban idonsa: Baba Sala ya ci bashi mai nauyi ya yi fim ɗin Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi suka baza a kasuwa, mutumin ya yi shekaru yana fama da bashin.

A nan ne ya kamata a tsaya a auna riba da asara. Masu nazarin fim sun daɗe suna cewa fina-finan Ogunde wasan daɓe ne aka girka wa kyamara, da dogayen waƙoƙi da raye-raye da jawabai, kuma akwai gaskiya a maganar, ko da yake 'yan kallonsa abin da suka biya su gani ke nan. Asarar da ta fi wannan girma ita ce ta harshe. Mutumin da ya mayar da yajin aikin 1945 wasa cikin 'yan watanni, wanda ke iya sauya magana a kan daɓe daren yau saboda abin da ya faru da rana, yanzu ya shiga sana'ar da ke cin watanni da maƙudan kuɗi, a kai fim Landan a wanke, a kawo wa hukumar tacewa ta duba. Wanda ya zuba dukiyarsa haka ba ya wasa da haramci. Shekarun fina-finansa su ne na almubazzarancin Jamhuriya ta Biyu, da juyin mulkin 1983 da na 1985, da tsadar rayuwar da ta biyo baya, amma ba a samu wani Bread and Bullet ko Yoruba Ronu a majigi ba. Mugun da ke cikin labari ya tashi daga Bature da ɗan siyasa ya koma mayya. Masu kare shi sun ce yaƙin alheri da sharri yake nunawa, kuma yana adana al'adun da ke shirin ɓacewa. Masu suka sun ce ya buɗe ƙofar da fina-finan tsafi suka yi ta kwararowa ta cikinta har yau, ya kuma ƙarfafa wa mutane zargin tsofaffin mata a kan kowace musiba. Dukkan maganganun biyu suna da ƙafar tsayawa.

Sauran ƙungiyoyin da suka ga abin da Aiye ya tara, kowa ya ajiye labule ya nemi kyamara. 'Yan kallon da suka ɗanɗana majigi kuma ba su ƙara yarda su biya kuɗi don ganin mutum ya ɓuya a bayan zane a ce ya ɓace ba. Cikin shekara goma yawon wasan daɓe na Yarabawa ya zama tarihi. Ita ma sabuwar sana'ar ba ta yi tsawon rai ba. A farkon shekarun 1980 Naira ta fi Dalar Amurka daraja. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka wayi gari ana sayen Dala ɗaya a kan kusan Naira huɗu, kuma faɗuwar ba ta tsaya nan ba. Zaren fim daga waje ake sayo shi, wankewa da haɗa sauti a waje ake yi, duk da kuɗin waje, alhali tikiti da Naira ake sayar da shi ga mutanen da albashinsu ya daina kai su ƙarshen wata. Ayanmo na cikin fina-finan ƙarshe na wannan zamani.

Gwamnatin da a da take kama shi, a ƙarshe ita ta neme shi. A 1986 aka ba shi aikin haɗa tawagar 'yan wasa ta ƙasa, ya kai ta bikin al'adun ƙasashen renon Ingila a birnin Edinburgh. Ya zagaya jihohi yana zaɓo makaɗa da maraya daga ƙabilu daban-daban, ya tara su a Ososa yana horarwa, daga nan Tawagar Wasanni ta Ƙasa ta samo asali, shi ne kuma daraktanta na farko. Jami'ar Ife da ta Legas duk sun ba shi digirin girmamawa, shi da bai taɓa zama a ajin sakandare ba.

Aikinsa na ƙarshe a Arewa ya yi shi. Darakta Bruce Beresford ɗan ƙasar Ostireliya ya zo ɗaukar fim ɗin Mister Johnson, daga littafin da Joyce Cary ya wallafa a 1939. Cary tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a Borgu, littafin nasa kuma labarin wani akawu ne ɗan Kudu da ke aiki da Bature a wani gari na Arewa, littafin da Chinua Achebe ya sha nuna ɓacin ransa da yadda ya siffanta baƙar fata. An ɗauki fim ɗin a yankin Toro, kusa da Jos, da Pierce Brosnan da Edward Woodward da Maynard Eziashi, wanda ya samu kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Balin a 1991 saboda rawar da ya taka. Ogunde ya taimaka wajen shirya aikin, ya kuma fito a matsayin wani dattijo mai suna Brimah. Tazarar wurin da garin da aka ci shi tara a 1946 ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba. A lokacin wannan aiki ciwo ya kama shi, aka kai shi Landan, ya rasu a asibitin Cromwell ranar 4 ga Afrilun 1990 yana da shekara 73. An kawo gawarsa aka binne a Ososa.

A shekarar da ya rasu ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. Su ma 'yan daɓe ne da suka koma kyamara, sai dai tasu kyamarar ba ta buƙatar Dala ko tafiya Landan. A Legas ma almajiran tsofaffin ƙungiyoyin yawo sun riga sun fara ɗaukar wasanninsu a bidiyo, kafin Living in Bondage ya fito a 1992 kasuwar ta fashe. Kaset ɗin da Ogunde ya ƙi shi ne ya gaji 'yan wasansa da 'yan kallonsa.

Fina-finansa huɗu suna hannun iyalinsa, sai jefi-jefi ake haska su a wani biki ko taron tunawa. Tsaron da ya hana ɓarayi taɓa su shi ne kuma ya hana yawancin matasan da ke harkar fim a yau ganin su. Gidansa na Ososa an mayar da shi gidan tarihi, inda aka jera tufafin wasansa da ganguna da hotunan matan da suka yi shekaru suna rera waƙa a bayansa.